Namatjira: Mai Jan Raƙumin da Ya Zana Ƙasar Kakanninsa

Ina gaida mutanen Bagudo da Illo da Kaoje da Zagga. Ina gaida na Lolo da Tsamiya, masu kwana a bakin iyaka. Ina gaida 'yan'uwanmu na tsallake a Jamhuriyar Benin, na Madekali da Segbana, in muryarmu tana kai muku. Manomi a fadama, masunci a kan ruwa, uwargida a madafi, sannunku da aiki.

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu je Ostireliya, can ƙarshen duniya ta gabas, mu ɗauko labarin wani mutum mai suna Albert Namatjira. Ku riƙe sunan: Namatjira. Baƙar fata ne, ɗan asalin ƙasar. Da jan raƙumi ya fara. Daga baya babu lungun da sunansa bai kai ba a ƙasar, saboda zane. Abin da yake zanawa kuwa duwatsu ne, da itatuwa, da busassun koguna. Irin wannan aiki shi ake kira zanen shimfiɗar ƙasa. Wato ka zauna, ka dubi filin Allah, ka sauke shi a takarda da launi.

Na san tambayar da ta faɗo wa wasunku tun yanzu. Za ku ce, Malam, ai zane akwai magana a kansa. Haka ne. Akwai magana a kan surar abu mai rai, kuma wannan fagen malamai ne. Amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, yana neman fatawa. Ya tsoratar da shi game da surar mai rai. Sannan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. To, mutumin da za mu yi magana a kansa yau, itace da dutse da sararin sama su ne jarinsa.

Bari mu fara da kashi na farko: ƙasar, da haihuwarsa.

Tsakiyar Ostireliya hamada ce. Ƙasa ja, duwatsu jajaye, ruwan sama ƙalilan. Akwai kogi a can mai suna Finke, amma yawancin shekara yashi ne kawai a cikinsa. Mutanen wannan yanki ana kiransu Aranda. Suna cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu suka zauna a nahiyar fiye da shekara 50,000 kafin Turawan Ingila su sauka a 1788. A 1877 'yan mishan daga Jamus suka kafa zango a bakin wannan kogi, suka sa masa suna Hermannsburg. Tazararsa da garin Alice Springs kamar kilomita 125 ce ta yamma.

A nan aka haifi Namatjira, ranar 28 ga Yuli, 1902. Sunan yankansa Elea. Da iyayensa suka karɓi addinin mishan sai aka sa masa Albert. Ya yi makarantar mishan. Da ya kai shekara 13, dattawan ƙabilarsa suka tafi da shi daji na tsawon wata 6, suka koya masa al'adar kakanni. Suka nuna masa wane dutse ne na gidan ubansa, wane kwari ne na dangin uwarsa, ina ruwa yake ɓoye in fari ya yi tsanani. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Tun yana yaro aka karantar da shi ƙasar, dutse bayan dutse.

Da ya zama saurayi ya auri wata yarinya mai suna Ilkalita, wadda daga baya aka sa wa Rubina. Bisa tsarin auren ƙabilar, ba ta cikin waɗanda aka yarda ya aura. Sai suka bar gari na kusan shekara 3. A rayuwarsa ya yi ƙira, ya yi kafinta, ya yi kiwon shanun Turawa, ya yi jan raƙumi. Za ku yi mamakin raƙumi a Ostireliya. Shigo da shi aka yi, tare da masu jansa, Musulmi daga Afganistan da yankin da yau ake kira Pakistan. Su suka riƙe fataucin hamadar kafin jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929. Jan raƙumi ya kai Namatjira wurare masu nisa, ya ƙara masa sanin ƙasa.

A ƙarshen shekarun 1920 aka yi mummunan fari. Abinci ya ƙare, ganye ya ƙare. Wata cuta ta ɓulla, irin wadda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa, dasashi ya riƙa zubar da jini, jiki ya mutu. Yara da yawa suka rasu a Hermannsburg. Limamin mishan ɗin, Fasto Albrecht, ya nemi sana'ar da za ta kawo wa mutane ɗan kuɗi. Sai aka fara ƙawata faifan katako da wuta, ana sayar wa baƙi. A ɗora ƙarfe a wuta, in ya yi ja a zana katako da shi. Iyayenmu mata masu zanen ƙwarya sun san wannan aiki sarai. Namatjira ya yi fice a ciki. Hannunsa ya riga ya faɗa tun kafin ya taɓa buroshi.

Wannan shi ne kashi na farko. Yanzu kashi na biyu: yadda ya koyi zane.

A 1934 wasu Turawa biyu masu zane, Rex Battarbee da John Gardner, suka zo daga kudancin ƙasar. Suka baje zane-zanensu a Hermannsburg don mutanen gari su gani. Namatjira ya tsaya gaban takardun, ya daɗe yana kallo. Duwatsun da ya sani ne, ga su a takarda. Ana ba da labarin cewa ya tambayi nawa ake biyan mai wannan aiki, kuma ya ce shi ma zai iya.

Shi Battarbee tsohon soja ne. An ji masa mummunan rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Faransa, a 1917. Aikin gona ya gagare shi, sai ya koma zane. A 1936 ya dawo yana neman mai ja masa raƙuma zuwa cikin duwatsu. Namatjira ya ce zai yi, a biya shi da koyarwa. Suka yi kamar wata biyu suna yawo tare. Wannan wata biyun su ne dukan makarantar zanen da ya taɓa yi. Wata biyu, jama'a, kuma yana da shekara 34.

Irin fentin da ya koya shi ake kira fentin ruwa. Bari in kwatanta muku shi dalla-dalla, ko akwai yaron da ke saurare.

Launin yana zuwa a busasshen ƙulli, cikin ɗan akwati. Ka jiƙa buroshi da ruwa, ka shafa a kan ƙullin, ka kai takarda. Da farko mai zane zai ja siraran layuka da fensir: nan dutse, nan itace, nan bakin kogi. Sai ya fara da sama. Ruwa da yawa, shuɗi kaɗan, ya share da sauri. Ya jira ta bushe. Sai duwatsun nesa, da launi marar ƙarfi. Sai na kusa, da ja mai kauri. Baƙi da inuwa su ne na ƙarshe. Ƙa'idar ita ce, daga mai haske zuwa mai duhu. In ka fara da duhu, ka ɓata takarda, domin fentin ruwa ba ya rufe kuskure. Abin da ka sa ya zauna.

Fari kuma fa? A nan gwanintar take. Mai fentin ruwa ba ya shafa fari. Barin takardar yake yi yadda take. Akwai wata bishiya a ƙasarsu, dangin bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti. Jikinta fari fat. Namatjira ya shahara da zana ta. Farin jikin nan nata takarda ce tsura. Shi dai yana zagaye ta da launi, ya ɗan shafa inuwa a gefe guda, sai ka ga bishiya ta miƙe tsaye, har ka ji kamar ka taɓa ɓawonta. Dole tun kafin ya fara ya san inda farin zai tsaya. Ga kuma iskar hamada, mai busar da fenti nan take. Babu damar dogon tunani da buroshi a hannu.

Abu na biyu da ya ƙware a kai shi ne nisa. Ta yaya takarda shimfiɗaɗɗiya za ta nuna maka cewa wancan dutse yana da tafiyar yini? Gobe da safe ku fita bayan gari ku duba da idonku. Itacen da ke kusa da ku korensa mai ƙarfi ne, kuna ganin ganyensa ɗaya-ɗaya. Na tsakiya ya ɗan dusashe. Na can ƙarshen gani ya koma shuɗi-shuɗi, kamar hayaƙi ya rufe shi. Iska da ƙurar da ke tsakaninku ne suka jawo haka. Abin kusa mai ƙarfi, abin nesa mai dusashewa. Da wannan Namatjira yake jera duwatsu bakwai a bayan juna, kowanne da nisansa.

Mu shiga kashi na uku: suna, da abin da aka faɗa a kansa.

A Disamban 1938 aka yi masa baje koli na kansa a birnin Melbon. Zane 41 ya kai. Cikin kwana 3 aka saye su duka. A wannan lokaci ne ya ɗauki sunan mahaifinsa, Namatjira, ya riƙa sa hannu da shi a ƙasan kowane zane. A 1939 gidan ajiye zane na jihar Ostireliya ta Kudu, a birnin Adeled, ya sayi aikinsa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Ana buga kwafin zanensa ana ratayawa a ɗakunan zama da azuzuwan makaranta. A 1953 aka ba shi lambar naɗin Sarauniyar Ingila. A 1954 aka kai shi Kanbera, babban birnin ƙasar, ya gaisa da Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A 1956 wani mai zane, William Dargie, ya zana fuskarsa, ya ci babbar gasar Archibald da ita. A tsawon rayuwarsa Namatjira ya yi zane kusan 2,000.

Amma manyan masu sharhin zane na birni ba su yi na'am da shi ba. Suka ce kwaikwayo ne. Suka ce baƙin mutum ne ya ari hannun Bature, ya bar na gidansu. Wasu manyan gidajen ajiye zane suka daɗe ba su sayi aikinsa ba.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma zan gaya muku dalili da abin da kuka sani.

A kawo baƙo daga birni, gwanin zane, a ajiye shi a gona a bayan Bagudo da damina. A ce ya zana gawo. In bai lura ba, zai cika shi da koren ganye, tunda ko'ina kore ne. Yaron da ya tashi a nan zai yi masa dariya. Ya san gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara, sai rani ya yi sannan ya yi kore. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Haka kogin Kwara, wanda ya raba Nijar da Benin kafin ya shigo Najeriya ta wannan yanki namu. Baƙo zai ce ruwa ruwa ne. Masunci ya san cika biyu kogin yake yi. Akwai ta ƙarshen damina, mai laka, ruwan ya yi jaja-jaja. Akwai ta lokacin sanyi, wadda ta taso tun daga Gini ta ratsa Mali, ta iso a makare, lakarta ta kwanta a hanya, ruwan ya yi duhu garau. Launi biyu, kogi ɗaya. Wanda ya zauna da kogin shi ya san wannan.

To haka Namatjira yake da duwatsunsa. Takarda ta Bature ce. Buroshi na Bature ne. Idon kuwa nasa ne. Ba ya zana wuri don ya yi kyau kawai. Yana komawa wuraren da yake da alaƙa da su ta uba da ta uwa, yana zana su da safe, yana zana su da yamma, a shekarar ruwa da shekarar fari. Dutsen Sonder, da kwarin da ake kira Palm Valley mai itatuwa dangin giginya, da mashigar Glen Helen, duk ya san labarinsu tun daga bakin dattawa. Mai saye a birni yana ganin kyakkyawan dutse. Ɗan Aranda yana ganin gidan kakansa. Sai bayan mutuwarsa da shekaru masana suka dawo suka gane haka. Na sake faɗa: kayan aikin aro ne, idon nasa ne.

Kuma wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 1958, a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai masu koyon zane suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a karɓi dabarar da Bature ya kawo, a haɗa ta da abin gida. Abin da suke faɗa a Zariya, mai jan raƙumi ya riga ya yi shekara 20 yana aikata shi a hamada.

Masu sauraro, kashi na huɗu shi ne mai nauyi. Ku matso kusa da rediyo.

Duk wannan suna da ake faɗa, a idon doka Namatjira ba cikakken ɗan ƙasa ba ne. A yankin Arewa na Ostireliya, inda yake, dokar lokacin ta ɗauki 'yan asalin ƙasa a matsayin 'yan riƙon gwamnati. Ma'ana, hukuma ce ke yanke musu inda za su zauna, da inda za su yi aiki, da yadda za a taɓa kuɗinsu. Dattijo mai jikoki, amma a takarda yaro ne.

Yana biyan haraji a kan kuɗin zanensa. A wajajen 1949 zuwa 1950 ya nemi hayar filin kiwo don ya tara shanu. Aka hana shi. A 1951 ya so ya gina gida a Alice Springs. Aka hana shi, don baƙi ne. Mutumin da zanensa ke rataye a gidajen manya, shi ne ya koma zaman bukka a wani sansani a bayan gari, wai shi Morris Soak. Ƙasar ta so zanen. Ba ta so mai zanen ya zama maƙwabcinta ba.

Ga kuma nauyin dangi. A al'adarsu, abin da mutum ya samu na dangi ne duka. Wannan ba sai na yi muku dogon bayani ba. Duk wanda Allah ya buɗa wa a cikinmu ya san yadda ƙofar gidansa take da safe. Mutane masu ɗimbin yawa suka dogara da buroshin mutum ɗaya. Yana samu, yana rabawa, hannunsa ba ya riƙe komai.

A 1957, bayan surutu ya yi yawa a jaridu, aka fitar da rajistar 'yan riƙon gwamnati mai ɗauke da suna fiye da 15,000, aka bar sunansa da na Rubina a waje. Shi ke nan, wai sun zama 'yan ƙasa. Zai iya zaɓe. Zai iya zama a gari. Zai iya sayen giya, wadda doka ta hana sauran danginsa. Amma 'ya'yansa suna nan a cikin rajista. Ku auna wannan a ranku. Uba yana da izinin kwana a cikin gari, 'ya'yan cikinsa kuwa in rana ta faɗi sai su fita. An ba mutum 'yanci, an yanke shi daga jininsa.

Giya dai mun san matsayinta a addininmu, kuma mun san ɓarnar da take yi a kowace al'umma. Ta yi ɓarna a wannan sansani ma. A 1958 aka kashe wata mata a can, hukuma ta ce shaye-shaye ne sila, ido ya koma kan Namatjira, tunda shi ke da izinin saye. Ba da daɗewa ba aka gurfanar da shi bisa tuhumar ba wani ɗan'uwansa, shi ma mai zane, kwalbar giya. Ya ce ajiye ta ya yi, ɗan'uwan ya ɗauka. Kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa wata 6. Da aka ɗaukaka ƙara aka mayar wata 3. Jama'a suka yi ca a kan gwamnati. Minista Paul Hasluck ya ba da umarni kada a sa shi a kurkuku, a kai shi wani zango mai suna Papunya ya yi zaman a can. Bayan wata 2 aka sallame shi.

Ya fito, amma zuciyar ta riga ta karye. Waɗanda suka gan shi sun ce ya daina walwala, zanen ma ya fita ransa. Ranar 8 ga Agusta, 1959, ya rasu a asibitin Alice Springs, da ciwon zuciya da ciwon huhu. Shekararsa 57. Labarinsa ya girgiza mutane da yawa a ƙasar. A 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan gyara tsarin mulki game da 'yan asalin ƙasa, fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince. A 1968 aka sa fuskarsa a kan sarki na gidan waya.

Kashi na biyar, kuma wannan ya shafi duk mai sana'ar hannu da ke saurare: maganar haƙƙin mallaka.

Mene ne haƙƙin mallaka? In ka zana abu ka sayar wa mutum, takardar ta zama tasa. Amma ikon buga kwafinta, a kalanda ko a atamfa ko a littafi, yana nan a hannunka, sai in ka sayar da shi daban. Abu biyu ne. Takarda daban, ikon bugawa daban. Kuma wannan iko ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona.

A 1957 Namatjira ya yi yarjejeniya da wani kamfanin ɗab'i, Legend Press, su riƙa buga zanensa suna ba shi kaso. Bayan rasuwarsa kason ya ci gaba da zuwa wa iyalinsa. Rubina ta rasu a 1974. A 1983 jami'in gwamnati mai kula da dukiyar mamata ya sayar wa kamfanin da haƙƙin gaba ɗaya, a kan dalar Ostireliya 8,500, ba tare da an shawarci iyalin ba. Daga ranar kaso ya tsaya. Jikokinsa suna cikin talauci, aikin kakansu yana hannun wasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shekara 34 ana haka. Iyalin da masu goya musu baya suka yi ta fafutuka, da wasan kwaikwayo, da fim, da rubuce-rubuce a jarida. Sai a Oktoban 2017, da sa bakin wani attajiri mai suna Dick Smith, kamfanin ya mayar da haƙƙin ga gidauniyar iyalin a kan dala 1.

A nan Najeriya muna da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, kuma akwai sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023. A ƙarƙashinta, haƙƙin zane yana tare da mai shi muddin ransa, sannan ya zauna wa magadansa shekara 70 bayan mutuwarsa. Sayar da shi kuma sai a rubuce. Don haka, mai zanen allon shago, mai zanen jikin babbar mota, mai fitar da sabon zanen hula ko na wuyan riga, in an kawo maka takarda, kada ka dangwala sai an karanta maka ita. Ka tambaya: aikin nake sayarwa, ko ikon bugawa? Na shekara nawa? Nawa ne kasona? Ka kira wanda ka yarda da shi ya zama shaida.

Saura kashi na ƙarshe, kuma gajere ne.

Namatjira bai tafi da sana'arsa kabari ba. Ya koya wa 'ya'yansa maza, Enos da Oscar da Ewald da Keith da Maurice, duk sun yi zane. Maƙwabta ma suka ɗauka, har abin ya zama salon gari guda, ana kiransa salon Hermannsburg. Har yau akwai cibiya a Alice Springs inda jikoki da dangi ke zanen fentin ruwa. A 2020 tattaɓa-kunnensa, Vincent Namatjira, ya ci gasar Archibald. Shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya ci ta, kusan shekara 100 da fara ta.

Mu kuma a nan, ƙasarmu tana sauya kama a gaban idonmu. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi, har da namu na Bagudo. Masu gawayi suna cin daji. Dattawa suna faɗin wuraren da dā kurmi ne, yau fili. Ina so a ce akwai mai zana mana fadama kafin girbi, da jerin giginya a bakin ruwa, da hanyar Kaoje da hunturu, yadda ɗan gida yake ganinsu.

Iyayena da yayyena, wataƙila yaron yana gidanku. Shi ne wanda ke ɓata bango da gawayi, ko yake cika bayan littafinsa da itatuwa. Kafin a ɗauko masa bulala, a duba abin da ya zana. A saya masa fensir da farar takarda. In da hali, a ƙara da ɗan akwatin fentin ruwa, irin na 'yan makaranta. In babu, jar ƙasa da shuni da gawayi da zabibi duk suna ba da launi. Malaman firamare, ku fitar da yara waje ko sau ɗaya a zango, ku zaunar da su gaban kuka ko ɗorawa, kowa ya zana abin da ya gani. Ku tuna musu ƙa'idoji biyun nan: a fara da mai haske a ƙare da mai duhu, kuma abin kusa mai ƙarfi, abin nesa mai dusashewa. Wanda ya nuna hannu, akwai sashen koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma yana karɓar ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan.

Lokaci ya cim mana. A nan za mu dakata sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.